Kwalbar da Ke Kan Rumbun Baba

Na fi sanin ƙafafun surukina a kan fuskarsa. Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce ƙari nake yi, amma haka abin yake. In na je gaishe shi a ƙauyensu da ke bayan Pauwa, tun daga gindin tsamiyar ƙofar gida nake sauka daga keke, in tuɓe takalma in riƙe a hannu, in shiga zaure a sunkuye, in durƙusa can nesa da buzunsa. Daga nan idona yana ƙasa har in fita. Shi ma ba ya dubana. Yakan juya fuska wajen bango yana amsa gaisuwa, kai ka ce da bangon suke magana. Abin da ke gaban idona kuwa ƙafafunsa ne, don haka na haddace su tsaf: manya ne, da faso a dunduniya, yatsun a baje don ba su saba da matsin takalmi ba.

Ƙafafun nan su ne jarinsa. Da damina manomi ne, amma da an ɗaure dawa an zuba a rumbu sai ya ɗora wa jakunansa mangala ya kama hanya. Ya ci kasuwar Ƙanƙara, ya gangara Faskari, ya leƙa Daudawa lokacin auduga, har Sabuwa yake kaiwa ya dawo da barkono da mazarƙwaila. Bai taɓa hawan jakin ba. Cewa yake dabbar da ta ɗaukar maka kaya ba ka ƙara mata da kanka.

Ni kuwa a shekarun nan, kafin a ba mu mulkin kai, sabon malamin asibiti ne a ɗakin shan magani na Ƙanƙara. Ban daɗe da dawowa daga kwas ba, ga farar riga mai guga, ga keke, ga sabon aure. Ina ji da kaina fiye da yadda ya kamata, wannan ba sai an faɗa mini ba. A bakin aiki ba wanda nake jin nauyinsa. Na sha daka wa dattijo mai furfura tsawa don ya kwance bandeji ya cusa ganye. Amma da na hango tsamiyar nan sai bakina ya mutu.

Da wata bazara na je gaisuwa na ga ƙafar dama a naɗe da tsumma. Ana sharar gona ne kututture ya soke shi a tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Daga inda nake durƙushe na ga tsumman ya jiƙe, na ga ƙuda na sauka suna tashi. Aikina ke nan kullum, na san gyambo tun yana jariri. Na yi masa sannu da ƙafa, ya ce wa bango, “Ba komi, Malam, ɗan ƙwarzane ne.” Na ce Allah ya sawwaƙe, na ja da baya na fita.

Mai karatu zai ce ai sai in gaya wa matata ta yi wa ubanta magana. To, ita ɗiyar fari ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, in ta shigo tsakar gida shi yana fita. Nauyin da ke tsakaninsu ya fi nawa. Uwarta kuwa ko inuwata ta hango sai ta faɗa ɗaki. A duk gidan nan mutum ɗaya ce ke iya magana da ni ta kuma iya magana da shi, wato mahaifiyarsa, kakar matata. Tsohuwa ce ’yar firit mai jan baki da fure, ba ta kirana komai sai ango, ni kuma in ce mata amarya, mu yi ta tsiya da juna.

Na san ba zai zo asibiti ba. Zuwansa yana nufin ya miƙe ƙafa a kan cinyar mijin ’yarsa, ga mutanen kasuwa na kallo ta taga. Don haka ranar da aiki ya kai ni Funtuwa na shiga kanti na sayo masa kwalbar haidurojin da kuɗina. Ruwa ne garau, ba launi, amma in aka zuba shi a kan ciwo sai ya yi fari fat da kumfa, ya taso da datti da mugunya. Mutanenmu mai kumfa suke ce masa, suna kuma girmama shi fiye da allura, don shi ana ganin aikinsa da ido. Kullum a baƙar kwalba yake zuwa, mai launin ƙasa, da toshiya mai ƙarfi.

Dalilin baƙar kwalbar na san shi, don an koya mana. Malamin da ya yi mana darasin haɗa magunguna a wajen kwas wani dogon mutum ne marar dariya, ya ce duk canjin da za mu gani a kan kantar magani mu fara tambayar kanmu iri nawa ne ya shiga, iri nawa ya fito. In abu biyu suka shiga suka fito abu ɗaya, haɗuwa ce, kamar ƙarfe da iska da ke zama tsatsa a kan almakashin da aka bari a jiƙe. In biyu suka shiga biyu suka fito amma sun sake abokai, musanya ce. Nan ya jefa ƙusa a cikin ruwan shuɗin gishirin nan da muke ƙona naman banza da shi a bakin gyambo, muna kallo ƙusa ta yi jan rufi na tagulla, shuɗin ruwan ya dusashe. Ta uku ita ce rabuwa, kuma ita ya fi ja mana kunne a kai, don ita ba ta bukatar baƙo. Abu ɗaya ne tak yake shiga, ya tsage ya fito biyu ko fiye. Zafi kawai take so, ko haske. Ya nuna mana maganin ɗiga wa jarirai a ido da aka bari a taga ya yi baƙi, sannan ya ɗaga kwalbar haidurojin ya ce wannan shi ne sarkin masu rabuwa. A cikinsa akwai ruwa da wata iska da ake kira oksijin, an ɗaure su ɗaurin da bai yi ƙarfi ba. Kumfar da ake gani a kan ciwo iskar ce ke ƙwacewa, kuma ƙwacewar ita ce aikin. In ta ƙwace a cikin kwalba tun kafin a kai ga ciwo, abin da ya rage ruwa ne, ko alwala ka ga dama ka yi da shi. Na ci wannan tambayar a jarrabawa, har na yi ta cika baki.

Na kai wa tsohuwa kwalbar a bayan gida inda take kaɗi.

“To, ango, mi ka kawo mani?” in ji ta. “Ba zane ba, ba goro ba, sai baƙar kwalba awa ta boka?”

“Ta Baba ce, amarya. A wanke ciyon da shi sahe da marece. Amma ki ji da kyau, a aje shi cikin ɗaki inda babu rana, in an zuba a toshe da wuri. Kuma wankewa kawai yake yi. Ki ce ma shi in bai kama kanshi ba ya zo asibiti.”

“Magani mai tsoron rana? Ai ko ya yo mai shi. Kai ma in aka kai ka gona hantsi bai yi ba ka narke.”

Muka yi dariya, na tafi ina ganin na sauke nauyi. Labarin da ya biyo ni ma mai daɗi ne. Wanzamin ƙauyen, wanda shi ke wanke wa Baba ciwon, ya zuba maganin a gaban jama’a, kumfa ta taso, yara suka watse da gudu, manya suka yi ta salati. Kafin mako ya zagayo mutanen wajen Pauwa sun fara kawo mini yaransu ranar kasuwa, suna cewa wajen surukin wane suka zo. Na ji daɗi ƙwarai.

Da na koma gaisuwa, tun kafin in jingine keke na hango wani abu yana walƙiya a kan rumbun da ke gefen zaure. Farar kwalba ce garau, irin ta lemo, an toshe bakinta da totuwar masara, an kafa ta a cikin jinkar rumbu inda rana ke dukanta tun fitowa har faɗuwa. Na matsa na duba. Ƙananan ƙwayoyin iska sun yi layi a jikin gilashin, suna saki ɗaya bayan ɗaya suna hawa sama.

Ba wauta ce ta sa Baba yin haka ba, kuma har yau in na ji ɗan boko yana yi wa irin wannan dariya raina ɓaci yake. Duk maganin da Baba ya sani a duniya, saiwa ce ko sassaƙe, jiƙa shi ake yi a ajiye a rana ya tsumu, kuma gwargwadon daɗewarsa gwargwadon ƙarfinsa. Abin da ake yi wa magani mai daraja ke nan. Ya ga kyautar surukinsa a cikin mummunar kwalba, ya nemo mata mai kyau, ya ɗora ta inda za ta ƙara ƙarfi kuma duk mai wucewa ya gani. Karramawa ce ya yi mini.

Na shiga na durƙusa. Ƙafar ta ɗan kumbura, na gani. Bayan gaisuwa ya yi abin da bai saba ba, ya ƙara magana.

“Malam, maganin ga naka shina da rai. Ka gane shi bisa rumbu? Numfashi shi ke yi.”

Maganar tana bakina, gajeruwa ce ma: Baba, a sauke shi, mutuwa yake yi. Amma faɗinta yana nufin in gaya wa uban matata, a cikin zaurensa, cewa ya yi kuskure, kuma karramawar da ya yi mini ɓarna ce. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Madalla, Baba.”

A bayan gida na tsare tsohuwa, na ce ba haka muka yi da ke ba. Ta ce ai ta faɗa masa, ya ce yaro ne bai san tsimi ba. “Ɗana ya san magani tun ba a haihi uwarka ba, ango. Kai dai kawo goro.” Na hau keke ina yi wa kaina alkawarin zan sayo wata kwalbar in aiko a musanya a ɓoye. Na aika Funtuwa aka ce ya ƙare sai an kawo. Daga nan ruwa ya sauka, rafuka suka kawo, masu zazzaɓi suka cika mini baranda, na samu abin fakewa.

Zuwan da na yi bayan wannan shi ne wanda har yau in na tuna nake runtse ido. An yi haihuwa a maƙwabta, ranar suna ce, zauren Baba cike da baƙi. Akwai abokan fataucinsa daga Faskari da suka ji labarin mai kumfa, suka ce tunda ga mai maganin ya zo, a nuna musu. Aka sauko da kwalbar. Wanzami ya kwance tsumma, wari ya bugi zauren, wasu suka kau da kai a hankali don kada a gane. Ciwon ya faɗaɗa, gefensa ya yi baƙi. Wanzami ya cire totuwa ya tsiyaya.

Ruwa ya bi ta kan ciwon ya gangara ƙasa ya jiƙa turɓaya. Ko ƙwayar kumfa ɗaya babu. Ya ƙara tsiyayawa, haka. Na riƙa jin idanun mutane a kan farar rigata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na gode mata.

Baba ne ya yi magana, fuskarsa a bango kamar kullum. “Ai ya gama cinye dattin, shi ya sa. Kumfa sai inda ƙazanta take. Ko ba haka ba, Malam?”

Kowa a zauren yana da hanci. Amma dattijo ya miƙo mini mayafi a gaban baƙinsa, ni kuwa na karɓa na lulluɓa. Na ce, “Haka ne, Baba.” Baƙi suka ce madalla, Allah ya ƙara sauƙi, aka shigo da waina. Ni da nake daka wa iyayen wasu tsawa a kan ganye, na zauna na tabbatar wa mai ruɓaɓɓiyar ƙafa cewa ƙafarsa ta warke. A hanyar komawa ban iya hawan keken ba, tura shi na yi har na wuce gonakin ƙauyen.

Ranar kasuwar da ta biyo wanzamin ya zo ya same ni a asibiti. Ya jira har layi ya ƙare, sannan ya shigo ya tsuguna, zabirarsa a hammata. Ashe bayan tafiyar baƙi magana ta tashi a ƙauye. Wasu na cewa ya sha ɗibar maganin yana ƙara ruwan rijiya don kada a gane. Wasu na cewa juye shi ya yi gaba ɗaya ya kai wani gari yana sayarwa, ya cika kwalbar da ruwa. Mutum ne da ya yi wa rabin garin kaciya, ga shi ana nuna shi da baki.

“Malam, in rantsuwa ka ke so in yi maka. Ban ƙara komi ba, ban ɗebi komi ba.”

Na ce na sani. Na ɗauko tsohon almakashi mai tsatsa na nuna masa, na ce wannan haɗuwa ce, sai wani abu ya zo daga waje. Na ba shi labarin ƙusa da shuɗin ruwa, na ce wannan musanya ce, sai an kawo wani an ɗauke wani. Mutanen ƙauye waɗannan biyun suka sani, shi ya sa suke neman hannun da ya ƙara ko ya ɗauka. Amma akwai ta uku wadda ba hannun kowa a ciki. Abu ɗaya ne a kwalba, rana ta raba shi biyu, iska ta bi ta jikin totuwa ta tafi, ruwa ya zauna. Numfashin da ake ta sha’awa a kan rumbu fitar ran maganin ne. Na yi bayanin nan tiryan-tiryan, har ina jin daɗin muryata.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “To ni ka ke hwaɗa mawa? Ni ƙafata lahiya lau take.” Ya miƙe ya saɓa zabira. A bakin ƙofa ya juyo ya ce kaluluwa ta fito wa Baba a matsematsi, kuma ya bar zuwa masallaci.

Matata ba mai yawan magana ba ce. Tun ranar sunan nan take kawo mini abinci ta koma gefe, nata kwanon a rufe. Da na gaya mata abin da wanzami ya ce, ta daɗe tana murza bakin zanenta. Can ta ce, “Ni ba ni iyawa, ka sani. Tun da nike ban taɓa haɗa ido da shi ba. Amma kai an koya maka.” Na ce gobe, in Allah ya kai mu. Gobe ta zo na ce jibi, don an kawo wata mai naƙuda. Gaskiya mai naƙudar ta sauka tun kafin azahar.

Tsohuwa ce ta yanke mini hanzari. Da hantsi ina tsakiyar ba da maganin tari na gan ta a bakin baranda, zanenta jiƙe da taɓo har gwiwa, da ƙafa ta tako tun daga ƙauye. Na buɗe baki zan ce amarya, na ga fuskarta na fasa. Ba ta ce mini ango ba.

“Malam,” in ji ta, “ɗana shina ƙuna awa garwashi. In kunya za ta bari, ka zo.”

Na sallami sauran mutane, na zuba abin da zan zuba a jaka, na bar ta wajen matata na taka keke. A gindin tsamiya na tuɓe takalma kamar kullum, don hannuna ya saba. Na shiga zaure, na iso inda nake durƙusawa, ƙafafuna suka tsaya da kansu. Na tilasta musu suka wuce. Taku kaɗan ne daga nan zuwa buzunsa, amma ban taɓa tafiya mai nisanta ba. Na zauna dirshan a gabansa, na sa hannu biyu na ɗauki ƙafar na ɗora a kan cinyata. Wani ƙanensa da ke zaune a gefe ya tashi ya fita don kada ya gani.

Zafin ƙafar ya ratsa wandona. Yatsu uku sun yi baƙi, kumburi ya haura idon sawu, ga wani jan layi ya miƙe yana hawa ƙwauri. Na ɗaga kai. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai, ashe yana da ɗan tabo a gira, kuma idanun matata ne sak.

“Baba,” na ce, “abin da ke cikin kwalbar can ruwa ne. Rana ta kashe shi tun tuni. Na gani tun zuwan farko ban hwaɗi ba. Ciyon ga ya hi ƙarhina, sai babban asibiti, kuma yau.”

Bai juya wajen bango ba. Ya dube ni, idanunsa jajur da zazzaɓi.

“Na sani, Malam. Tun ran da ya bar yi mani zahi na sani. Har ɗanɗanawa na yi.” Ya numfasa. “Na gane ni na ɓata shi, na rasa bakin da zan aiko maka da shi. Kuma in na ce ya mutu, gari ya ce maganin mijin ɗiyata ƙarya ne, ga shi sun fara kai maka ’ya’yansu. Na ce in akwai magana, kai mai ilimin za ka hwaɗi.”

Na sunkuyar da kai na shiga wanke ciwon, hawaye na ɗiga a kan hannuna, ina yi kamar gumi ne. Shi yana rufa mini asiri, ni ina rufa masa, kowa na jiran ɗan’uwansa, ƙafa kuwa tana ta ci gaba da abin da take yi.

Na yi masa allura, aka aro amalanken shanu aka shimfiɗa masa tabarma. Wannan ne karo na farko da dabba ta ɗauke shi, ya yi ta ba shanun haƙuri a hanya. Muka kai shi bakin titi muka samu babbar motar da ta kwaso hatsi, na hau tare da shi, kansa a kan jakata. A babban asibiti likita ya duba, ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa masa gaskiya. Ya dubi farar rigata ya dube ni, ya koma kan ƙafar. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. An ceto ƙafar daga dunduniya zuwa tsakiya, gaban kuwa da yatsun duka aka yanke.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Yana dogara sanda ya je masallaci, ya je gonar bayan gida ya zauna yana nuna wa yara inda za su sa taki. Jakunan ɗan ƙanensa ya karɓa. Bai sake ganin kasuwar Sabuwa ba, sai dai in fatake sun dawo ya tare su a zaure yana tambayar ko an gyara mashigin rafi kaza, ko mai tuwon nan ta bakin kasuwa tana nan. Wanzami ya samu sunansa ya dawo, don Baba da kansa ya tara mutane ya ce shi ya shanya maganin. Bai ambaci cewa na gani na yi shiru ba, ko sau ɗaya, ga kowa.

Na yi aikin asibiti har na yi furfura, na koyar da yara masu yawa da suka biyo baya. In na zo kan darasin ire-iren canji nakan ce su ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fito, in ɗaya ne ya zama biyu kada su tsaya neman wanda ya taɓa, su nemi rana ko wuta. Suna rubutawa su ci jarrabawa, kamar yadda na ci. Wani lokaci nakan ƙara da cewa in sun ga farar kwalba a kan rumbu su yi magana nan take, ko rumbun na wane ne. Sukan yi dariya, suna zaton barkwancin tsoho ne.

Na ɗauka bayan abin da ya faru, tunda na riƙe ƙafarsa na kuma ga fuskarsa, nauyin da ke tsakaninmu ya faɗi. Ban san mutanenmu ba ke nan. Ranar da na fara zuwa gaisuwa bayan an sallamo shi, na shiga zaure na tarar ya juya fuska wajen bango. Na durƙusa a inda na saba, na sauke ido ƙasa, ƙasa kuwa ga abin da ke wurin: dungulmin ƙafa mai sheƙi, da tabon ɗinki a inda yatsun nan bajajju suke a da. Ba inda zan kai idona. Ɗaga kai rashin kunya ne, rufe ido kuma ba a yi. Haka na gaishe shi ina kallon aikina, ya amsa da “Lahiya lau, Malam, ya ɗawainiya,” na ja da baya na fita.

Zuwa na biyu ban ga ƙafar ba, bakin rigarsa ya sauka a kanta. Na uku ma haka, da duk wanda ya biyo baya, rani da damina. Na ɗauka sanyi take ji. Sai wata rana da kekena ya yi faci na iso a ƙasa ba ƙara, na yi sallama a bakin zaure, na gan shi zaune da ƙafar a miƙe a fili tana shan iska, yana hira da tsohuwa. Da jin muryata ya yi sauri ya jawo bakin riga ya rufe ta, sannan ya juya wajen bango ya ce in shigo.